WASAN FOKA A INTANET: INA DOKA TA TSAYA, KUMA WA KE RIƘE DA KUƊIN?

Jawabi ga iyaye, dattawan ikilisiya da shugabannin matasa

GABATARWA

 

An ba mu aikin yin magana a kan wani abu wanda a da sai a lungu ko a bayan tasha ake samunsa, amma yau ya shiga aljihun 'ya'yanmu ta wurin wayar hannu, wato kartar kuɗi ta intanet, musamman irin wadda ake kira foka. Idan uba ko uwa suka tsawata wa yaro a kanta, amsar da sukan ji ita ce: "Baba, ai doka ba ta hana ba. Kamfanin yana da lasisi. Kuma wannan ba caca ba ce, gwaninta ce." Sau da yawa iyaye sukan yi shiru, gama ba su san abin da za su mayar ba.

Ba wa'azi muka zo yi ba. Wannan aikin iyayenmu fastoci ne, kuma babu wanda bai san matsayin ikilisiya a kan caca ba. Mu dokar za mu duba, tun da ita yaran suke fakewa da ita. Za mu ɗauki ƙasar Amurka, domin a can ne wannan wasa ya yi girma, a can ne kuma doka ta fi shan kokawa da shi. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Daga nan sai mu dawo gida.

1. MENE NE FOKA, KUMA INA KUƊIN YAKE TAFIYA?

Foka wasa ne da ake yi da karta mai kati 52. A irin da ya fi yaɗuwa, wanda ya samo sunansa daga jihar Texas, ana ba kowane ɗan wasa kati biyu a rufe, sa'an nan a shimfiɗa kati biyar a tsakiya kowa yana gani. Kowa yakan zuba kuɗi gwargwadon yadda yake ganin ƙarfin hannunsa, ko kuwa ya janye ya bar abin da ya riga ya zuba. Mai hannu marar ƙarfi yana iya cin mai ƙarfi da burga, ya zuba kuɗi masu yawa har sauran su tsorata su janye.

A cacar ƙwallo, da kamfani mutum yake karawa. A foka kuwa, 'yan wasa ne suke cin junansu. Shi kamfani la'ada yake cira daga kowane zubi, yawanci wajen kashi 5 cikin ɗari, da iyakar da ba ya wucewa. Kada ku raina wannan la'ada. A misali, mutum shida sun zauna, kowa da Naira 20,000, wato Naira 120,000 ke nan a teburi. A ce kowane zubi yakan kai Naira 2,000, kamfani ya cire Naira 100. Kwamfuta ba ta gajiya da rabon karta, tana iya raba hannu 60 cikin awa ɗaya. Naira 6,000 ke nan a awa. In aka yi awa goma, rabin kuɗin da ke teburin ya koma wurin mai gida, ko wa ya ci, ko wa aka ci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Akwai abu na biyu da ya fi wannan muhimmanci. Kafin mutum ya zauna a teburin intanet, sai ya fara tura kuɗinsa zuwa asusun kamfani. Daga wannan lokaci, lambar da yake gani a fuskar wayarsa ba kuɗi ba ce, alkawari ne kawai cewa za a biya shi ranar da ya nema. Ku riƙe wannan magana, gama dukan labarin da za mu ba ku a kanta ya rataya.

2. YADDA ABIN YA FARO

A ranar 1 ga Janairu, 1998, wani shafi mai suna Planet Poker ya fara raba karta a intanet da kuɗi na gaske. Abin bai yi tashe sosai ba sai a 2003, sa'ad da wani akawun lissafi daga jihar Tennessee, mai suna Chris Moneymaker, ya shiga wata ƙaramar gasa a shafin PokerStars da kuɗin da bai kai dala 100 ba. Ta nan ya samu kujera a babbar gasar foka ta duniya da ake yi a birnin Las Vegas, wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne, ya kuma cinye dala miliyan biyu da rabi. Aka yi ta nuna shi a talabijin. Kowane matashi ya ce, in akawu ya iya, ni ma zan iya. A 2003 mutum 839 ne suka shiga wannan gasa. A 2006 sun kai 8,773. Sunan wanda ya ci kowa ya ji shi, amma ba a nuna dubban da suka koma gida hannu wofi ba.

Manyan kamfanonin ba su zauna a cikin Amurka ba. Sun kafa ofisoshinsu ko sun karɓi lasisi a ƙananan wurare masu sauƙin haraji, irin su Gibraltar, tsibirin Man, tsibirin Alderney, Antigua, da yankin Kahnawake na ƙabilar Mohawk a Kanada. Mai wasa yana Amurka, kamfani yana wata ƙasa, kuɗin kuma yana bankin wata ƙasa dabam. To, dokar wa za a bi?

Abin da gwamnatin tarayyar Amurka ta dogara da shi a lokacin wata tsohuwar doka ce ta 1961, wadda aka yi domin hana 'yan daba karɓar caca ta wayar tarho daga jiha zuwa jiha. Ma'aikatar Shari'a ta ce dokar ta shafi kowace irin caca ta intanet. Wata kotun ɗaukaka ƙara kuwa, a 2002, ta ce cacar wasanni kaɗai ta shafa. A cikin wannan duhu ne kasuwar ta yi ƙiba.

3. DOKAR 2006: A TARE KUƊI A BANKI

A ƙarshen Satumba na 2006, Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da ake taƙaita sunanta da UIGEA. An maƙala ta ne a jikin wata doka ta tsaron tashoshin jiragen ruwa, a daren ƙarshe kafin 'yan majalisa su tafi hutun zaɓe. Shugaba George Bush ya sa mata hannu a ranar 13 ga Oktoba, 2006.

Ku lura da hikimar da ke cikinta. Dokar ba ta ce a kama mai wasa a ɗakinsa ba. Abin da ta hana shi ne kamfanin caca ya karɓi kuɗi ta banki ko ta kati domin cacar da wata doka ta tarayya ko ta jiha ta riga ta haramta, ta kuma ɗora wa bankuna nauyin tare irin wannan biya. Gwamnati ta gane ba za ta iya shiga kowace kwamfuta ba, amma kowane kuɗi dole ya bi ta ƙofar banki.

Nan take kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Landan suka fice daga Amurka. Kamfanin da ke da shafin PartyPoker, wanda shi ne mafi girma a lokacin, hannun jarinsa ya rasa fiye da rabin darajarsa a rana ɗaya. Amma wasu suka ƙi tafiya, manyansu su ne PokerStars, Full Tilt Poker da Absolute Poker. Hujjarsu ita ce foka gwaninta ce, saboda haka dokar ba ta hau kansu ba. Mutane suka ci gaba da tura musu kuɗi har shekara huɗu da rabi, suna cewa da laifi ne ai da an rufe su.

4. BAƘAR JUMA'A

A ranar Juma'a 15 ga Afrilu, 2011, masu wasa a Amurka suka buɗe shafukan nan uku, sai suka tarar da sanarwar hukuma cewa an ƙwace adireshinsu. Ofishin mai gabatar da ƙara na tarayya a birnin New York, ƙarƙashin Preet Bharara, ya tuhumi mutum 11 da damfarar bankuna, halatta kuɗin haram, da gudanar da caca ba bisa doka ba. Takardar tuhumar ta ce tun da bankuna sun ƙi karɓar kuɗin caca, sai aka ƙirƙiri kamfanonin bogi, ana nuna wa banki kamar kuɗin kayan ado ne ko na ƙwallon golf. Masu wasa suna kiran wannan rana Baƙar Juma'a har wa yau.

A nan ne maganar alkawari ta fito fili. PokerStars yana da kuɗin mutane a ajiye, cikin 'yan makonni ya fara mayar wa Amurkawa nasu. Full Tilt Poker kuwa ya kasa. A Satumba na 2011 masu gabatar da ƙara suka bayyana cewa a ƙarshen Maris na wannan shekara, masu wasa a duniya suna bin kamfanin kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke asusunsa bai wuce kimanin dala miliyan 60 ba. Suka kuma ce cikin shekara huɗu an raba wa masu kamfanin da shugabanninsa fiye da dala miliyan 440. Bharara ya kwatanta shi da dabarar Ponzi, wato a karɓi na mai shigowa a biya mai fita. Mu da muka ga yadda MMM ta kulle kuɗin mutane a ƙarshen 2016 ba mu bukatar dogon bayani.

A Yuli na 2012 PokerStars ya sasanta da gwamnatin Amurka a kan dala miliyan 731. Daga ciki, miliyan 547 na gwamnati ne, miliyan 184 kuma domin biyan masu wasan Full Tilt na wasu ƙasashe, ya kuma karɓe kamfanin. Amurkawan da kuɗinsu ya maƙale a Full Tilt ba su fara gani ba sai a Fabrairu na 2014. Na Absolute Poker kuwa sai a 2017 aka buɗe musu hanyar neman nasu. Ya ku 'yan'uwa, wannan a ƙasar da ke da ƙarfin ƙwace dukiyar kamfani ke nan, kuma duk da haka sai da wasu suka jira shekara shida. A cikinsu har da gwanayen da ba a ci su a teburi ba. Ajiya ce suka ba kura.

5. "AI SUNA DA LASISI"

Full Tilt Poker yana da lasisi. Hukumar caca ta tsibirin Alderney ce ta ba shi, kuma ba ta dakatar da shi ba sai a ƙarshen Yuni na 2011, ta soke shi a Satumba, bayan ramin ya riga ya buɗe.

Absolute Poker da ɗan'uwansa UltimateBet su ma suna da lasisi, daga hukumar Kahnawake. A 2007 da 2008 aka gano cewa wasu na cikin gida suna da hanyar ganin katin da ke rufe a hannun kowa, suna wasa da mutane suna kwashe musu kuɗi. Ba hukuma ce ta fara ganowa ba. Masu wasa ne da kansu suka tattara tarihin hannayen da aka raba, suka yi lissafi, suka nuna cewa babu ɗan Adam da zai yi irin wannan ci da sa'a ko da gwaninta. Daga baya hukumar ta ci tarar Absolute Poker dala 500,000, ta ci UltimateBet dala miliyan ɗaya da rabi, ta kuma umarta a mayar wa waɗanda aka cuta kuɗinsu.

Saboda haka idan yaro ya ce suna da lasisi, tambayar da za a yi masa ita ce: lasisin wa? Takardar da wani tsibiri ya bayar ba ta halatta komai a garinku, kuma ranar da kuɗi ya maƙale, ba za ka sami alƙalin tsibirin a kusa ba. Darajar lasisi tana ga hukumar da ta bayar da shi: ko tana binciken asusun kamfani, ko tana da ikon hukunta shi, ko kuma ƙafarka za ta iya kai ka ofishinta.

6. "AI GWANINTA CE"

Mu faɗi gaskiya, akwai gwaninta a foka. Wanda ya san lissafi, ya iya haƙuri, ya iya karanta abokin wasa, zai fi wanda bai iya ba in an daɗe ana yi. A Agusta na 2012 wani alƙalin tarayya a New York, Jack Weinstein, ya yarda da haka, har ya soke hukuncin da aka yi wa wani mai gidan karta. Amma a 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin. Ta ce ko da gwaninta, dokar jihar New York ta riga ta ɗauki sana'ar a matsayin caca, wannan kuwa ya isa.

Ƙasar Indiya ta daɗe tana wannan gardama, kotunanta suna rarrabe wasan gwaninta da na sa'a. A Agusta na 2025 majalisarta ta yanke igiyar, ta yi dokar da ta hana duk wasan intanet da ake zuba kuɗi domin a ci kuɗi, ko na gwaninta ne ko na sa'a, ta hana tallarsa, ta kuma hana bankuna biyan kuɗinsa.

Har ila yau, maganar gwaninta wuƙa ce mai baki biyu. In gwani ne ke ci, to kuɗin wa yake ci? Na sabon shiga ne. Kuma a intanet ba ka ganin wanda ke gabanka. Yana yiwuwa mutum uku a teburin suna waya da juna suna gaya wa juna katinsu. Yana yiwuwa ma ba mutum ba ne. A 2019 masu bincike na Jami'ar Carnegie Mellon da na kamfanin Facebook sun fito da wata manhajar kwamfuta mai suna Pluribus, wadda ta ci ƙwararrun 'yan foka a teburin mutum shida. Wanda ya koyi wasan jiya a ɗakin kwanan ɗalibai ya tambayi kansa ko shi ne gwanin, ko shi ne abincin gwani.

7. YADDA AKA TSARA ABIN BAYAN 2011

A Disamba na 2011 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ta sauya ra'ayi, ta ce dokar 1961 cacar wasanni kaɗai ta shafa. Ta so ta janye wannan magana a farkon 2019, amma a Janairu na 2021 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tsaya a kan fassarar 2011. Wannan ya bar wa kowace jiha ta yi nata hukunci.

Jihar Nevada ce ta fara, a Afrilu na 2013. Delaware da New Jersey suka biyo baya a Nuwamba na wannan shekara, Pennsylvania a 2019, Michigan a 2021. Yawancin jihohi 50 na ƙasar ba su ba da lasisin foka ta intanet ba. Jihar Washington ma tun 2006 ta mayar da cacar intanet babban laifi, Utah da Hawaii kuwa ba su yarda da caca ba sam. Ƙasa ɗaya ce, amma abin da ke halal a wannan gefen iyaka laifi ne a wancan.

Jihohin da suka yarda sun sa sharuɗɗa masu tsauri. Dole mai wasa ya kai shekara 21, a kuma tabbatar da ko shi wane ne. Dole na'ura ta nuna yana cikin iyakar jihar a lokacin da yake wasa. Dole a tanadi kuɗin masu wasa dabam da kuɗin gudanar da kamfani. Dole a gwada manhajar da ke raba karta. Dole kuma a ba mutum hanyar sa wa kansa iyaka ko rufe wa kansa ƙofa.

Birtaniya ta bi hanyar lasisi da dokarta ta 2005, sa'an nan a 2014 ta ce duk kamfanin da ke karɓar kuɗin mazauna ƙasar, ko ina yake zaune, sai ya karɓi lasisinta. Duk da haka ba ta huta ba. A 2020 ta hana yin caca da katin bashi, ta kuma tilasta wa kamfanoni shiga tsarin GAMSTOP, inda mutum zai rubuta sunansa sau ɗaya a rufe masa dukan shafukan da ke da lasisi.

Ku dubi waɗannan sharuɗɗa da kyau. Kowannensu tabo ne na wani rauni da aka riga aka ji. Suna iya kare mutum daga sata da maguɗi, su ba shi inda zai kai kuka. Amma babu ko ɗaya da ya hana la'ada, babu wanda ya yi alkawarin ci, babu kuma wanda zai mayar da kuɗin makarantar da aka zuba da hannu.

8. MU A NAN GIDA

Dalilin da ya sa muka daɗe a Amurka shi ne, tsarinmu a Nijeriya ya koma kama da nasu. Tun 2005 akwai dokar caca ta ƙasa da hukumar tarayya mai ba da lasisi. Jihar Legas da wasu jihohi suka kai ƙara a 2008, suna cewa wannan hurumin jihohi ne. A ranar 22 ga Nuwamba, 2024, Kotun Ƙoli ta ba su gaskiya, ta ce dokar 2005 ba ta da ƙarfi sai a Babban Birnin Tarayya, Abuja. Saboda haka tambayar "doka ta hana ko ba ta hana ba" ba ta da amsa ɗaya a ƙasar nan. Sai an ce, a wace jiha?

Tsofaffin dokokinmu ma ba su yi shiru ba. Kundin dokar laifuffuka da ake amfani da shi a Kudu, a sashe na 236, ya lissafa wasannin da ba su halatta ba, har da duk wasan karta da ba na gwaninta ba, har ma ya ambaci caca da sunanta na Hausa tare da wasannin wuri. Kundin Arewa na 1960 shi ma yana da babi a kan gidajen caca. Jihohin da suka ɗauki tsarin shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000 sun haramta caca a dokokinsu, a Kano kuma an ga hukumar Hisbah tana rufe shagunan caca a 2024. Da yawa daga cikinmu a irin waɗannan jihohi muke zaune. Lasisin da Legas ta bayar na Legas ne, balle wanda aka karɓo daga tsibirin da ba mu san inda yake ba. Wanda ya tura kuɗinsa can, in an cuce shi, sai dai ya ce Allah ya isa.

9. ABIN DA MUKE ROƘO

Na ɗaya, ga matasa. Kafin kowa ya gaya maka wani shafi yana kan doka, ka nemi amsar tambayoyi huɗu: wace hukuma ce ta ba shi lasisi, lasisin ya shafi jihar da kake zaune, ina ake ajiye kuɗin mutane, kuma wa za ka kai wa ƙara in an hana ka naka? In ka sami amsa duka, to ka sani daga ɓarawo kaɗai aka kare ka. La'ada tana nan tana jiranka.

Na biyu, ga iyaye. Kada ku ba yaro aron asusun bankinku, ko lambar BVN, ko katin shaidar ɗan ƙasa, ba tare da kun san abin da zai yi da su ba. Da irin wannan aro ne ƙananan yara suke tsallake shingen shekaru, kuma in magana ta taso, sunanku ne a rubuce. Ku kuma lura da bashin da ake ci ta waya, gama shi da caca tafiyarsu ɗaya.

Na uku, ga dattawa. Kuɗin baiko, kuɗin gini, adashin mata da kuɗin ƙungiyar matasa kada su kwana a asusun mutum ɗaya, a wayar mutum ɗaya. A sa hannu biyu ko uku, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a a kan kari. Wannan ba zargi ba ne ga ma'ajinmu, kāriya ce gare su. Ƙaramar ikilisiya ba ta da ƙarfin jure asarar da babba za ta jure. Abin da Full Tilt Poker ya kasa yi, wato raba kuɗin amana da kuɗin kashewa, kada mu ma mu kasa.

Na huɗu, ga dukanmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar caca cikin jerin cututtuka, a rukunin halayen da ke kama mutum kamar yadda abin maye yake yi. Wanda ya faɗa ciki yakan ɓoye saboda kunya, ɓoyewar kuwa ita ke ƙara zurfin ramin. Kada mu mai da shi abin misali a gaban taro. A same shi a keɓe, a taimake shi ya lissafa bashinsa, a sa wani amintacce ya riƙe masa kuɗi na ɗan lokaci, a kai shi wurin likita in abin ya kai haka.

Na biyar, ga shugabannin ƙungiya. Tun da magana ta dawo majalisun jihohi, ƙofar ta matso kusa da mu. Ƙanƙantarmu ba ta hana mu rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu ba. A wannan batu damuwarmu da ta maƙwabtanmu Musulmi ɗaya ce, gama waya ba ta tambayar addinin yaro. Inda jiha ta hana, mu roƙa a kula da talla da hanyoyin biyan kuɗi, domin ta nan abin yake shigowa. Inda ta yarda, mu roƙa a tabbatar da shekarun mai wasa, a ware kuɗin jama'a, a kuma buɗe ofishin da talaka zai iya kai ƙara.

KAMMALAWA

Iyayenmu da 'yan'uwanmu, idan yaro ya sāke cewa doka ba ta hana ba, yanzu kuna da abin faɗa. Ku tambaye shi dokar wace jiha yake nufi, ku tambaye shi a hannun wa kuɗinsa yake kwana, ku ba shi labarin mutanen da suka ga dala miliyan 390 a rubuce alhali miliyan 60 ne a asusu. Ku yi masa lissafin la'ada da alƙalami a gabansa. Doka mai kyau tana iya kama mai maguɗi, amma tsaron aljihu da tsaron gida bai taɓa barin hannunmu ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Muna roƙon wakilai su kai wannan magana ga ikilisiyoyinsu, a karanta ta a taron matasa da na zumuntar mata.  Allah ya ba mu hikima, ya kiyaye 'ya'yanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya. Amin.